Anka, Gummi da Bukkuyum: Injin Niƙa da Dutsen Zinariya

'Yan'uwa manoma, wannan karo mun leƙa yammacin Jihar Zamfara, inda ƙananan hukumomi uku ke maƙwabtaka da juna: Anka, Bukkuyum da Gummi. A dā duk suna cikin Jihar Sakkwato, sai a 1996 aka yanke Zamfara. Anka ce mazaunin Sarkin Zamfara. Gummi kuwa tana bakin Gulbin Zamfara, ga fadama mai albarka, ko da yake ambaliyar 2024 ta ci gidaje da yawa a garin. Daga Ɗaki Takwas hanya ke rabuwa zuwa Zuru. Gero da dawa da wake su ne abincin ƙasar.

Amma hedkwata daban, ƙauye daban. A 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a Dareta da Abare da Sunke na ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru na Bukkuyum. Sai da Ƙungiyar Likitoci Na Gari Na Kowa ta shiga ƙauyukan aka gane gubar dalma ce. Yara fiye da 400 suka rasu.

Ga yadda abin ya faru. Maza su haƙo dutsen zinariya su kawo gida, a daka a turmi, a niƙa a injin irin na hatsi, a shanya a tsakar gida. Dutsen nan cike yake da dalma. Ƙurar ta sauka a ƙasa, a abinci, a ruwa, yaro mai rarrafe kuwa komai ya taɓa sai baki. Magani ba ya amfani in yaro zai koma gida mai guba, don haka sai da aka kankare ƙasar gidaje, aka binne ta, aka zuba sabuwa. Bagega, gari babba a cikinsu, ta jira har 2013 kafin kuɗin gwamnati ya fito. A ganinmu wannan jinkiri abin kunya ne.

Gwamnatin Tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019 saboda 'yan bindiga, ta ɗage hanin a Disamba 2024. To, ƙungiyoyinmu na gama kai masu injin niƙa, a rubuta cikin doka: injin hatsi ba ya niƙa dutse, ko nawa za a biya. Mai haƙa ya wanke jiki, ya sake tufafi kafin ya shiga gida. Yaron da ya fara amai da farfaɗiya kuma a kai shi asibiti ran nan, a roƙi a gwada jininsa.