Sankarar Fata ta Melanoma: Ƙuruciya Ba Ta Hana Ta, Amma Ana Tsira

Melanoma nau'in ciwon daji ne da ke tsirowa daga ƙwayoyin halittar da ke ba fata launinta. Ba ita ce sankarar fata mafi yawa ba, amma ita ce mafi kisa, domin tana saurin nutsewa ƙarƙashin fata ta bi kaluluwa da jini zuwa huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa. Ba kuma ciwon tsofaffi kaɗai ba ce. A Ostareliya, inda zafin rana ya haɗu da farar fata, tana cikin cututtukan dajin da suka fi kama matasa.

A 2004 aka gano cutar a jikin Sharon Belvin, Ba'amurkiya mai shekara 22, tana gab da aure, ciwon kuwa ya riga ya kai huhu. Magungunan da aka saba bayarwa suka kasa. Sai ta shiga gwajin sabon magani mai suna ipilimumab, wanda ke kwance wa garkuwar jiki takunkumi ta far wa ciwon da kanta. Ƙarin ya narke, ta warke, har ta haifi 'ya'ya. An amince da maganin a Amurka a 2011, kuma James Allison, wanda bincikensa ya haifar da shi, ya raba kyautar Nobel da Tasuku Honjo na Japan a 2018.

Sai dai babu maganin da ya kai gano cutar da wuri. Idan tana nan inda ta tsiro, yankewa kawai kan wadatar, kuma a Amurka kusan 99 cikin 100 na irin waɗannan marasa lafiya suna raye bayan shekara biyar. Da zarar ta bazu nesa, adadin kan faɗo zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku.

Kada baƙar fata ta yaudare mu. A jikinmu melanoma ta fi fitowa inda rana ba ta cika bugawa ba: tafin ƙafa, dunduniya, tafin hannu da ƙarƙashin farce. Mawaƙin Jamaika Bob Marley ya ɗauki tabon da ke farcen yatsar ƙafarsa a matsayin raunin ƙwallo. A 1977 aka gano cutar, ya ƙi a yanke yatsar, ya rasu a 1981 yana da shekara 36.

Don haka a lura da tawadar Allah da ta fara girma, ko gefenta ya zama kaca-kaca, ko launinta ya rarrabu, ko take ƙaiƙayi da zubar jini. Haka nan baƙin layi da ke faɗaɗa a farce, da gyambon tafin ƙafa da ya ƙi warkewa. Kada a kai wa wanzami ya tsaga, kada a ƙona. A asibiti ne za a yanki tsokar a duba ta a ɗakin gwaji.

Wanda ya tsira ma da sauran aiki a gabansa. Zai riƙa komawa likita duk bayan 'yan watanni, yana duba jikinsa, yana kare fatarsa daga rana. Idan an cire masa kaluluwa, hannu ko ƙafa kan kumbura. Ga fargabar dawowar ciwon a lokacin da tsararrakinsa ke hidimar karatu da aure. Irin wannan matashi yana bukatar dangin da za su raka shi asibiti, su kuma saurare shi ba tare da cewa ai komai ya wuce ba.