Ma'anar "pull out" da bambancinta da "back out"

Duk mai bibiyar jaridun Turanci ba zai rasa cin karo da "pull out" a kanun labarai ba. Kalmomi biyu ne aka haɗa: "pull", wato ja, da "out", wato waje. Asalin ma'anarsu zaro abu daga inda yake, kamar likita ya cire haƙori, ko mutum ya zaro takarda daga aljihu. Haka kuma akan yi amfani da su idan jirgin ƙasa ya tashi daga tasha.

A harshen siyasa da kasuwanci kuwa, ma'anar ita ce ficewa daga abin da aka riga aka shiga. Da ita jaridu da dama suka bayyana sanarwar da Nijar da Mali da Burkina Faso suka yi ranar 28 ga Janairun 2024 ta ficewa daga ƙungiyar ECOWAS, da janyewar sojojin Amurka daga Afghanistan a watan Agustan 2021. Idan kamfani ya tattara ya-nasa-ya-nasa ya bar ƙasa, ko ɗan takara ya janye daga zaɓe, ita ce dai ake amfani da ita. Idan za a ambaci abin da aka bari, sai a saka "of" a gabansa: "pull out of the deal", wato janyewa daga cinikin.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen musanya ta da "back out". Duka biyun janyewa suke nufi, amma nauyinsu ba ɗaya ba ne. "Pull out" labari kawai take bayarwa, ba lalle ta ɗora wa kowa laifi ba. "Back out" kuwa ta fi karkata ga wanda ya yi alkawari sannan ya noƙe kafin cikawa, kamar mai saye da ya fasa bayan an sallama masa kaya.

Don haka ɗan kasuwar da ke rubuta wa abokin hulɗarsa wasiƙa, ko ma'aikacin da ke rubuta rahoton zama, ya kamata ya yi hattara. Idan ya rubuta cewa ɗan kwangila ya yi "back out", to ya zarge shi da saɓa alkawari a rubuce, zargin da zai iya ɓata hulɗa ko ya jawo jayayya. In janyewar bisa yarjejeniya aka yi ta, "pull out" ko "withdraw" su suka fi dacewa, kuma ta biyun ta fi karɓuwa a takardun hukuma. Magana dai zarar bunu ce, balle wadda aka sa wa hannu.