Bikin Argungu da Makarantun Unguwa

Yaron da ya tashi a Argungu da bikin kamun kifi yake lissafin shekararsa. In hunturu ya fara ja da baya, wajen Fabrairu ko Maris, sai hirar aji ta sauya: wane kawunsa ya ɗinke koma, wane yayansa ya sayo sabuwar gora. Malam na ta rubutu a allo, hankalin ɗalibai kuwa na bakin Matan Fada.

Ga wanda bai taɓa halarta ba, Matan Fada yankin kogi ne da ake hana su a cikinsa tsawon shekara domin kifi ya hayayyafa ya girma, Sarkin Ruwa kuma shi ke tsare da wannan doka. Ranar gasa dubban masunta kan jeru nesa da gaɓa. Da an harba bindiga sai su kwasa a guje, ƙura ta turnuƙe, su auka ruwa. Masunci kan kife a kan gorarsa yana yawo a ruwa, a cikinta kuma yake jefa ƙananan kifin da ya kama. Makaɗa na cikin kwalekwale suna zuga su. Kamar sa'a guda an gama, sai awo a sikeli, kuma galibi giwan ruwa ke cinye gasar. A 2005 an kama mai nauyin kilo 75.

Gaskiya mu yara ba mu cika ganin wannan ba saboda cunkoso, sai wanda aka ɗora a wuya. Namu shi ne kabanci, inda ake tseren kwalekwale da nutso da kamun agwagwa cikin ruwa, sai filin kokawa da dambe, sai rumfunan baje kolin amfanin gona. Mai kwabo biyu a aljihu attajiri ne: ya sayi rake, ya sayi alewa, ya rage canji. Wanda ya ɓace wa iyayensa ba ya kwana a waje, domin duk mai tallar ƙosai ta san ɗan gidan wane ne.

Wannan sanin juna daga makarantun unguwa ya samo asali. Da asuba kana zauren malam da allonka, tawada ba ta gama bushewa ba. Hantsi ya yi kana firamare, inda tsohon ƙarfen tayar mota da aka rataya a dalbejiya ke zaman ƙararrawa. Bayan la'asar ka koma allo, ran Laraba ka kai wa malam kuɗin Laraba, Alhamis da Juma'a a huta. Da aka soma shirin ilimin firamare kyauta a 1976, azuzuwa suka cika har aka koma gindin bishiya, amma ɗan masunci da ɗan alƙali benci ɗaya suke zama. Hedimasta maƙwabci ne. In ka yi fashi, a masallaci zai haɗu da mahaifinka, kafin isha'i an yanke maka hukunci.

Sai dai akwai inda makarantun suka gaza. Mun haddace sunayen kogunan ƙasashen da ba mu taɓa zuwa ba, amma da yawa sai da suka girma suka san dalilin bikin garinsu. A 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, aka shirya gagarumin su domin karrama shi, abin da ya tabbatar da ƙarshen daɗaɗɗiyar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato. Bikin sulhu ne ke nan tun daga tushe. Gidan tarihi na Kanta, tsohuwar fadar da aka gina a 1831, yana nan cikin gari, tafiyar ƙafa ce daga makarantu da dama, amma aji nawa ake kaiwa?

Abin ya fi ciwo bayan bikin 2009, da matsalar tsaro ta sa aka yi shiru har 2020. Akwai yaran da suka shiga firamare suka fita ba su taɓa jin ƙarar bindigar Matan Fada ba. A cikin wannan shirun ne, a 2016, UNESCO ta sa bikin cikin al'adun duniya da ya kamata a adana.

Yau mai hali kan kai ɗansa makarantar kuɗi a wata unguwa, ta kusa da gida a bar ta da rufin da ke yoyo. Ba laifi ba ne neman ilimi mai inganci, amma makarantar unguwa ta kowa ce, har wanda ɗansa ba ya cikinta. Tsofaffin ɗalibai su haɗa kuɗi su gyara ko da aji ɗaya ne. Malamai kuma, kafin biki na gaba, ku ware rana ku kai yara gidan Kanta, ku gayyato dattijon masunci ya nuna musu yadda ake riƙe koma.