Sauya jami'a: abin da ɗalibi da ɗaliba ke fuskanta

Yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tilasta wa ɗaliban Afirka ta Yamma da yawa barin Khartoum, har da na Jami'ar Afirka ta Duniya, suka koma neman gurbi a wasu jami'o'i. Ko ba yaƙi, ɗalibi kan bar Damagaram ko Maradi ya koma Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai. Duk wanda ya sauya yana tarar da ajin da kowa ya riga ya san abokinsa.

Matsala ta farko ta kowa ce. A tsarin LMD zangon karatu yana da kiredi 30, lisans kuma 180. Idan sabuwar jami'a ba ta amince da wasu darussan baya ba, sai a maimaita su, wani lokaci shekara guda. Wanda ya yi karatu da Larabci ya dawo Faransanci, wahalarsa biyu ce.

Daga nan hanya ke rabuwa. Namiji yana samun mutane da wuri: sallah biyar a masallaci, fada da shayi, filin ƙwallo. A nan yake jin wanda ke da tsofaffin takardun jarrabawa da halin kowane malami. Ya rasa ɗaki, ya raɓa wurin aboki. Ciwonsa shi ne kuɗi da kunyar faɗin ya kasa, sai ya yi shiru har sakamako ya tona shi.

Mace kuwa sai masauki ya tabbata kafin iyaye su yarda ta tafi. Idan ɗakin kwanan ɗalibai ya cika, ta sauka gidan dangi, inda aikin gida ke cin lokacin bita. Muraja'ar dare takan wuce ta. Shekarar da aka mayar da ita baya kuma tana iya zama dalilin cewa ta haƙura ta yi aure, karatun ya tsaya.

Saboda haka iyaye su nemi takardar sakamako da amincewar sabuwar jami'a a rubuce kafin tafiya. Ƙungiyoyin ɗalibai su haɗa kowace baƙuwa da wata yayarta a sashenta, su sanya bita da rana. Samari kuma a riƙa tambayarsu halin da suke ciki, kada a jira su kawo kuka. Allah ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani.