SIKOTILAN: YAWON BUƊE IDO DA HORON MA'AIKATA A HANNU, SADARWA A HANNUN LANDAN

Ranar 11 ga watan Satumba na shekarar 1997 mutanen Sikotilan, wato yankin arewacin Birtaniya, suka jefa ƙuri'ar raba gardama a kan ko suna son a ba su majalisar dokoki tasu ta kansu. Fiye da kashi 74 cikin ɗari suka ce suna so. Ba wannan ne karo na farko ba, domin an taɓa yin irin wannan ƙuri'a a 1979, masu so suka yi rinjaye da ɗan kaɗan, amma aka ce ba su kai kashi 40 cikin ɗari na dukkan masu rajista ba, kamar yadda doka ta gindaya, maganar ta sha ruwa. A karo na biyu kuwa sai Majalisar Birtaniya ta kafa dokar 1998, sabuwar majalisa mai wakilai 129 ta fara zama a birnin Edinbara a 1999, Donald Dewar ya zama Babban Ministan yankin na farko.

Yadda aka yi rabon aikin shi ne abin lura. Dokar ba ta tsaya lissafa abubuwan da aka ba Edinbara ba. Abin da ta yi shi ne ta jera waɗanda Landan ta riƙe wa kanta, ta ce duk abin da ba ya cikin jerin ya zama na sabuwar majalisa. Ta haka ne ilmi, da kiwon lafiya, da horon ma'aikata, da harkar yawon buɗe ido suka koma hannun Edinbara. Tsaro, da hulɗa da ƙasashen waje, da shige da fice, da dokokin ƙwadago, da harkar sadarwa baki ɗaya, wato tarho da intanet da gidajen rediyo da talabijin, suka tsaya a Landan. Ma'aikacin gwamnati a Nijeriya ba zai ga baƙon abu a nan ba, tun da yake a tsarin mulkin ƙasar ma gidan waya da tarho suna cikin jerin ayyukan da Gwamnatin Tarayya kaɗai ke yi wa doka.

A takarda rabon ya yi kyau. Amma shekaru fiye da ashirin da biyar sun nuna cewa abubuwan nan uku, baƙo da ma'aikacin da zai tarbe shi da wayar da za ta haɗa su, ba sa rabuwa, kuma wanda aka ba biyu aka hana shi na uku yana cikin wahala.

YAWON BUƊE IDO

Sikotilan ƙasa ce ta mutum wajen miliyan 5 da rabi, mafi yawansu a cunkushe tsakanin Gilasgo da Edinbara. Sauran ƙasar tsaunuka ne da tafkuna da tsibirai fiye da 790, waɗanda ƙasa da ɗari ne kaɗai ake zaune a cikinsu. A irin waɗannan wurare babu manyan masana'antu, saboda haka baƙin da ke zuwa kallon ƙasa su ne kasuwa. Hukumar da ke tallar ƙasar, VisitScotland, gadon wata tsohuwar hukuma ce da aka kafa tun 1969, ta koma ƙarƙashin ministocin Edinbara bayan rabon iko.

A 2015 aka fito da wata hanyar zagaya ta mil 516 da ake kira North Coast 500, wadda ke tashi daga garin Inbanes ta bi gaɓar tekun arewa ta komo. Tallar ta karɓu fiye da yadda aka zata. Masu masauki da gidajen abinci suka samu ciniki, amma fa ƙauyukan da ke kan hanyar suka shiga kuka, domin yawancin titin siriri ne da ba ya ɗaukar mota biyu a jere, ga manyan motocin kwana sun cika shi, ga ƙarancin makewayi da wurin zubar da shara. Haka abin yake a tsibirin Sikai, inda aka gina gada a 1995, aka kuma soke kuɗin ƙetare ta a ƙarshen 2004. A Edinbara kuwa, inda ake babban bikin wasanni da kaɗe-kaɗe kowane watan Agusta tun 1947, masu gidaje suka gano cewa ba baƙo haya na kwana uku ya fi ba ɗan gari haya na wata riba, gidan haya ya yi wa talaka tsada.

A nan gwamnatin yankin ta yi amfani da ikonta sosai. Ta wajabta wa masu ba da gidajensu haya na 'yan kwanaki su nemi lasin, ta ba waɗanda suka riga suka fara wa'adi zuwa 1 ga Oktoba 2023. Sannan a 2024 majalisa ta zartar da dokar da ta ba ƙananan hukumomi damar ɗora haraji a kan kuɗin masaukin baƙo, da sharaɗin a kashe abin da aka tara wajen ayyukan da baƙi ke mora. Edinbara ce ta fara, ta yanke kashi 5 cikin ɗari, ta tsayar da 24 ga Yuli 2026 a matsayin ranar fara karɓa. Masu otal sun yi ƙorafi, kamar yadda aka san duk mai biyan haraji da yi, amma dai babu wanda ya musa cewa majalisar Edinbara tana da hurumin yin dokar.

WA ZAI YI AIKIN?

Otal ba ya tafiya sai da mai dafa abinci da mai gyara ɗaki da mai tarbar baƙi. Shekaru da yawa matasa daga Folan da sauran ƙasashen gabashin Turai ne suka riƙe wannan aiki a ƙauyukan arewa. Da Birtaniya ta fice daga Tarayyar Turai, 'yancin shigowa aiki ya ƙare a ƙarshen 2020, ko da yake kashi 62 cikin ɗari na masu ƙuri'a a Sikotilan sun ƙi ficewar a 2016. Gwamnatin Edinbara ta nemi a ba ta biza ta musamman don yankinta a watan Janairu na 2020, Landan ta ƙi nan take, domin shige da fice nata ne.

Abin da ya rage wa Edinbara shi ne ta horar da 'ya'yanta. Tun 2008 take da hukuma mai suna Skills Development Scotland, wadda aka ɗora wa shirin koyon sana'a a bakin aiki: yaro ya kama aiki a kamfani, yana karɓar albashi, yana kuma koyo har ya sami takardar shaida, gwamnati tana biyan wani kaso na kuɗin horon. A shekarun baya-bayan nan mutum wajen 25,000 ke shiga shirin kowace shekara. An so a kai 30,000 a 2020, annobar korona ta hana.

To, ko a nan ɗin ma hannun Landan bai fita ba. A watan Afrilu na 2017 Gwamnatin Birtaniya ta ɗora harajin koyon sana'a a kan duk wata ma'aikata da albashin ma'aikatanta ya wuce fam miliyan 3 a shekara, rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Kamfanin da ke Ingila yana da asusu da sunansa, yana ganin abin da ya biya, yana ɗiba yana horar da ma'aikatansa. Na Sikotilan kuwa kuɗinsa sai ya tafi baitulmali a Landan, ya komo Edinbara a cakuɗe cikin kason da ake ba yankin, ministoci su raba yadda suka ga dama. Kamfanoni sun daɗe suna tambayar inda kuɗinsu ya shiga, kuma tambayar tasu tana kan hanya. Wani bincike da gwamnati ta sa James Withers ya yi, wanda ya fito a 2023, ya sami tsarin horon a warwatse tsakanin hukumomi masu yawa, ya ba da shawarar a tattara kuɗin wuri ɗaya. A kan haka ne aka gabatar da shirin doka a 2025 don mayar da kuɗin koyon sana'a hannun hukumar da ke ba jami'o'i da kwalejoji kuɗi.

WAYAR DA BA TASU BA

Babbar matsalar tana wajen sadarwa. Baƙon zamanin nan da wayarsa yake kama ɗaki, da ita yake neman hanya, da kati yake biya. Masaukin da ba shi da intanet tamkar babu shi ne. Ɗalibin da ke koyon sana'a a tsibiri kuma, ta intanet yake samun rabin karatunsa. Kamfanonin waya ba sa son jan waya mil ashirin saboda gidaje goma, hukumar Ofcom da ke sa musu ido kuwa majalisar Landan ce ta kafa ta. Abin da dokar Birtaniya ta lamunce wa kowane gida tun daga Maris 2020 shi ne saurin megabit 10 a daƙiƙa, wanda bai taka kara ya karya ba ga mai otal.

Tun da Edinbara ba ta iya tilasta wa kamfani, sai ta koma sayen abin da take so da kuɗinta. A ƙarshen 2017 ta ware fam miliyan 600 don shirin da ta kira R100, da alkawarin kowane gida da kowace ma'aikata za su sami megabit 30 kafin ƙarshen 2021. Wannan kuɗi ne da za a iya kashewa a asibiti ko makaranta, aka zuba shi a aikin da doka ta ce na wata gwamnati ne. Kamfanin BT ya ci kwangilar, wani kamfani mai suna Gigaclear ya kai ƙara kotu a kan kason arewa, wanda shi ne mafi girma da wuya, ba a sa hannu a kansa ba sai Disamba 2020. Wa'adin 2021 ya wuce, aka ɗaga ƙarshen aikin zuwa 2028, aka ba waɗanda waya ba za ta kai gare su ba tallafin har fam 5,000 su nemi wata hanya. 'Yan adawa suna cewa gwamnati ta yi alkawarin da ta san ba za ta iya cikawa ba, gwamnati kuma tana cewa kayan wani ta ɗauka. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya.

Duk da haka an yi aiki. A 2022 an shimfiɗa wayoyi 16 a ƙarƙashin teku zuwa tsibirai 15, an kuma kafa turakun wayar hannu 55 a wuraren da babu sabis ko kaɗan, aikin da aka kammala a 2023. A watan Oktoba na 2022 ɗin ne kuma mutanen tsibiran Shetlan suka ga yadda rayuwarsu ta rataya a kan waya. Wayar ƙarƙashin teku da ta haɗa su da babban yankin ta lalace, alhali ana cikin gyaran ɗaya wayar da ta nufi tsibiran Faro. Tarho da intanet suka ɗauke, shaguna da yawa suka kasa karɓar kati, har 'yan sanda suka ayyana halin gaggawa, suka roƙi jama'a su riƙa leƙa tsofaffi da marasa lafiya a gidajensu.