WA KE DUBA AIKIN LAUYAN TALAKA A BIRNIN KUDU DA GWARAM?

Mai hali idan ya ɗauki lauya, shi da kansa ne mai duba aikin. In ya ga magana tana jan ƙafa sai ya nemi ba'asi, in kuwa bai gamsu ba ya karɓe takardunsa ya kai wa wani. Talakan da aka ba lauya kyauta ba shi da wannan iko. Bai biya ko kwabo ba, sau da yawa bai iya karanta abin da aka rubuta da sunansa ba, sa'an nan kunya ba za ta bar shi ya tuhumi wanda yake ganin alheri yake yi masa ba. Saboda haka tilas a sami wani babba a ofis wanda zai tsaya a madadinsa ya yi tambayar da shi ba zai iya yi ba.

Wannan magana ta shafi Ƙananan Hukumomin Birnin Kudu da Gwaram ƙwarai da gaske. Dukansu biyu suna cikin masarautar Dutse, a kudancin Jihar Jigawa, wadda aka cire daga Jihar Kano ran 27 ga watan Agusta, 1991. Ƙidayar 2006 ta nuna Birnin Kudu tana da mutum fiye da 300,000, Gwaram kuma fiye da 270,000, galibinsu manoma da makiyaya da 'yan tireda. Amma manyan ofisoshin da ake neman hakki a cikinsu suna Dutse ne, wasu ma Abuja. Mutumin Basirka ko Fagam, ko na Sundimina da Kantoga, kafin ya ga fuskar akawun da ke riƙe da fayil ɗinsa sai ya bar gona yini guda, ya kuma biya kuɗin mota zuwa da dawowa.

Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ba da Agajin Shari'a ne da dokar soja mai lamba 56 ta 1976, zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo, bayan fafitikar da wasu lauyoyi suka yi, musamman Cif Chimezie Ikeazor. Da farko aikinta bai wuce kare waɗanda ake tuhuma da manyan laifuffuka ba, kamar kisan kai da jin rauni. A hankali aka yi ta faɗaɗa shi, har Majalisar Ƙasa ta yi sabuwar doka cikin 2011. Dokar ta kasa aikin gida uku: kare wanda ake tuhuma, da ba da shawara da taimako a ƙararrakin da ba na laifi ba, da kuma hidimar shari'a a cikin al'umma. Wanda ya cancanci taimakon shi ne wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi na ƙasa ba, watau Naira 18,000 a lokacin da aka yi dokar, aka mai da shi 30,000 cikin 2019, sa'an nan 70,000 cikin 2024. Da wannan ma'auni, kusan duk wanda aka tarar a kasuwar Sara ranar cinta ya cancanta.

To, amma fa mene ne hakkin da talaka yake nema a hannun hukuma? A Jigawa ba abu ɗaya ba ne. Akwai fensho da garatuti na tsofaffin ma'aikatan Jiha da na Ƙananan Hukumomi, da kuɗin da ake biyan magadan ma'aikacin da ya rasu a bakin aiki. Akwai alawus na wata-wata ga naƙasassu, wanda gwamnatin Alhaji Sule Lamido, shi ma ɗan ƙasar Birnin Kudu, ta fara cikin 2007 da Naira 7,000. Akwai tallafin Gwamnatin Tarayya ga gidaje matalauta, wanda ya faro da Naira 5,000 a wata, ana zaɓen masu karɓa daga rajistar matalauta ta ƙasa. Ga kuma diyyar ma'aikacin da ya ji rauni wajen aiki, bisa dokar 2010.

Waɗannan hakkoki ƙarfinsu ba ɗaya ba ne a gaban alƙali, kuma a nan ne ake gane amfanin gogaggen lauya a bisa kan sabon shiga. Fensho hakki ne tsayayye, domin sashe na 210 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare na ma'aikatan Jiha, har ya ce a riƙa sake duba shi. Ƙarar fensho kuwa, tun gyaran da aka yi wa Tsarin Mulki cikin 2010, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke da hurumin jinta, wadda ba ta da mazauni a Birnin Kudu ko Gwaram. Kula da tsofaffi da naƙasassu da marasa aikin yi shi ma an ambace shi, amma a Babi na Biyu, sashe na 16, alhali sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati cika abin da ke cikin wannan babi. Watau gurgun da aka cire sunansa daga jerin masu alawus ba zai je kotu da Babi na Biyu kaɗai ba. Sai dai a nemo dokar Jiha ko ƙa'idar shirin, a nuna inda aka kauce mata, ko a kai kuka Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, wadda take aiki tun 1975 ba tare da karɓar kuɗi ba.

Har ila yau akwai tsohuwar dokar nan mai kare ma'aikatan gwamnati, wadda ta ce duk mai ƙarar jami'i a kan aikin ofishinsa ya shigar da ita cikin wata 3. Kotuna sun yi togaciya a kan wasu ƙararraki, kamar na kwangila da na cutarwar da take ci gaba, amma sanin wace ƙara ce ta tsira wace ce ba ta tsira ba sai wanda ya daɗe a cikin aikin. Dokar 2011 ta yarda a yi amfani da lauyoyi masu yi wa ƙasa hidima, kuma da yawa daga cikinsu hazikai ne. Illa dai shekara ɗaya suke yi su tafi, wasu ba su jin Hausa balle Fillanci. Idan yaro ya bar fayil a cikin aljihun tebur ya kama hanyar gida, wata 3 ba ya jiran wanda zai gaje shi.

Ɗauki misalin matar masinjan Ƙaramar Hukuma da mijinta ya rasu. Ana bukatar takardar ɗaukarsa aiki, da shaidar rasuwa, da takardar kotu mai nuna magada, da asusun banki wanda sunan da ke kansa ya dace da na lambar ɗan ƙasa. Harafi ɗaya in ya sāɓa, a rubuta Hadiza a nan, Khadija a can, sai a mayar da ita gida. Babu ranar zaman kotu a cikin wannan al'amari, babu alƙalin da zai tambayi lauya dalilin da bai zo ba. Aiki ne na wasiƙa da bin sawu daga wannan tebur zuwa wancan, shi ya sa ya fi kowane aiki saurin mutuwa shiru.

Mai duba aiki na gari, saboda haka, ba a sa hannu a littafin zuwa aiki yake tsayawa ba. Yana riƙe da rajistar duk wanda ya kawo kuka, da ranar da ya zo, da ranar da wa'adinsa zai ƙare. Yana zaro fayil ba tare da sanarwa ba ya karanta shi daga farko, ya ga ko an rubuta wasiƙar da aka ce an rubuta, ko an sami amsa, ko an gaya wa mai kukan inda aka kwana da harshen da yake ji. Ba ya barin lauya ya tafi hutu ko canjin wuri sai ya miƙa fayilolinsa hannu da hannu. Abin da ya fi wuya shi ne kare ƙaramin lauya daga tsoro, domin ma'aikacin gwamnati ne ake nema ya matsa wa wani ofishin gwamnati, wani lokaci ma wanda ke zaune a ofishin ɗan garinsu ne ko surukinsa. In babba bai sa sunansa a ƙasan wasiƙar ba, ƙaramin zai yi ta sassauta murya har maganar ta ɓace.

Sauran ƙasashe sun taɓa wannan ruwa. A Amurka, lauyoyin talakawa na birnin New York ne suka kai ƙarar Goldberg da Kelly har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke cikin 1970 cewa ba a yanke wa mutum tallafin gwamnati sai an saurare shi tukuna. Ingila, wadda ta yi dokar agajin shari'a tun 1949, tana sa gogaggun lauyoyi daga waje su karanta fayilolin ofisoshin da gwamnati ke biya, su ba su maki. Amma ita ce kuma cikin 2012 ta cire yawancin ƙararrakin tallafi daga cikin abin da ake taimakawa a kai, don rage kashe kuɗi.

Dokar 2011 ta buɗe wata ƙofa da ta dace da karkara: ta ba Hukumar izinin yin rajistar ƙungiyoyi da ɗakunan shawara na jami'o'i, da ba da lasisi ga mataimakan lauyoyi, watau mutanen da aka horar amma ba su kai lauya ba. Malamin makaranta mai ritaya a Gwaram Tsohuwa yana iya cika fom, ya gyara sāɓanin suna, ya raka bazawara wurin dagaci don shaida. Sai dai kowane mataimaki da aka ƙara, an ƙara wa mai duba aiki nauyi ke nan, domin shawarar kuskure daga bakin wanda jama'a suka yarda da shi ta fi rashin shawara ɓarna.

Lissafi mafi sauƙi a ofishin agajin shari'a shi ne a ƙidaya ƙararrakin da aka karɓa da waɗanda aka kammala a kotu. Fayil ɗin matar masinja ba ya shiga ko ɗaya daga cikin biyun yadda ya kamata. Gurbin da yake bukata a takardar rahoto guda uku ne: ranar da ta fara zuwa, sau nawa ta hau mota zuwa Dutse, da ranar da kuɗin ya shiga hannunta.