Hattara da Ayyukan Bayan Fage Masu Taɓa Rumbun Bayanai

Manhajojin da ke riƙe da lissafin kuɗi ko rajistar ɗalibai sukan kasance da ayyukan bayan fage, wato waɗanda agogo ke tayarwa ba tare da kowa ya danna komai ba, kamar aika wa iyaye saƙon tunatarwa kowace safiya. A nan ne masu rubuta manhaja da yawa ke tuntuɓe, kuma ɓarnar ba ta cika bayyana da wuri ba.

A tsarin ASP.NET Core na kamfanin Microsoft, ba kowane sashe na manhaja ke ƙera kayan aikinsa ba, akwai ma'aji guda da ke miƙa masa su, kuma kowane kaya da wa'adinsa. Wani akan ƙera shi sau ɗaya ya zauna har a kashe manhajar, wani kuwa da zarar an biya buƙata ɗaya ta mai amfani sai a watsar da shi. DbContext, wanda shi ne ƙofar shiga rumbun bayanai, gajeren wa'adi gare shi, alhali BackgroundService, mai gudanar da ayyukan bayan fage, wanda ya zo da .NET Core 2.1 a shekarar 2018, yana raye muddin manhajar na aiki.

Idan aka danƙa wa mai dogon wa'adi wannan ƙofa kai tsaye, sai ta zauna a buɗe makonni, tana tara duk abin da ta karanto har ƙwaƙwalwar na'ura ta cika. Mafi muni, abin da ta riga ta riƙe shi take mayarwa ko da an sauya shi a rumbu, ta yadda uba zai canza lambar wayarsa amma saƙonni su ci gaba da zuwa tsohuwar. Haka kuma ba ta jure ayyuka biyu a lokaci guda. Tsarin yana da binciken da ke kama wannan kuskure, sai dai bisa al'ada a yanayin gwaji kaɗai yake aiki, don haka dogaro da shi ganganci ne.

Abin da ya dace shi ne a ba aikin IServiceScopeFactory, ya buɗe sabon wa'adi a kowane zagaye, ya karɓi DbContext a ciki, ya rufe da zarar ya gama. Wajibi ne kuma a tare kurakurai a cikin zagayen, domin tun daga .NET 6 na 2021, kuskuren da ya kuɓuce daga irin wannan aiki yakan tsayar da manhajar baki ɗaya.